Minti Takwas na Maigidana

Shekara goma sha tara maigidana yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje guda, amma ka tambayi 'yan'uwansa me yake yi, sai su ce wankin kwalabe. Shi kuwa ko a jikinsa.

Aikinsa tsince ƙwayoyin garkuwar jiki ne daga cikin jini. Yana zuba wa jinin wani garin ƙarfe da ido ba ya ganin ƙwayarsa, garin ya manne wa waɗanda ake nema, sannan ya sa kwalbar a jikin maganaɗisu. Waɗanda ƙarfe ya kama su taru a gefe, ya tsiyaye sauran. Ba don ina so na haddace bayanin nan ba, da shi ake cin abinci a gidanmu.

Ɗalibai nawa suka zama daktoci da hannun nan nasa, Allah kaɗai ya sani. Shi yana nan a matakin da na aure shi, don ba a ƙara wa mutum girma sai sunansa ya fito a takardar bincike, nasa kuwa bai taɓa fitowa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin yana ƙona mini rai.

Bana na tasa shi gaba sati biyu, har ya yarda zai yi wa Farfesan da ke shugabantar ɗakinsu magana a sa sunansa, ranar da za a tura sabuwar takardarsu. Na goge masa riga, na biya masa abin da zai faɗa.

Ya shiga ofishin kuwa. Sakatariya ce ta ba ni labari: sun gaisa, ya gyara murya, sai agogonsa ya yi ƙara. Ashe an kawo jini da safe, ya sa kwalba a maganaɗisu kafin ya hau sama. Minti takwas ake ba ta, in ta wuce aiki ya ɓaci. Ya ce yana zuwa, ya fita da gudu. Kafin ya gama, Farfesa ya tura takarda ya wuce taro.

Da yamma na tare shi a bakin ƙofa. "Baban yara, yanzu kwalba ɗaya ta fi ƙarin girmanka?"

Ya cire takalmi a hankali. "Jinin wata yarinya ne mara lafiya. Da ya lalace, sai an sake huda ta."

Haushi dai bai sake ni ba. Na zuba masa abinci, na dire kwanon da ƙarfi.