Taubashina Idirisu da Kartar Gindin Dalbejiya

Shekara bakwai ke nan da muka kai Idirisu makwancinsa a ƙauyenmu na Hausawa da ke gefen garin Suki, a tsakiyar masu jin Larabci, kuma har yau kewarsa ba ta sake ni ba. Taubashina ne, ɗan gwaggona, don haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan ina da izininsa tun daga haihuwa. Da yana raye ma a gabansa zan faɗa, ya rama.

Idirisu bai yi sa'ar noma ba. Hawasharsa, wato gonarsa ta ban-ruwa, tana jikin tawa, ruwa ɗaya suke sha, amma in audugata ta yi fari tasa sai ta noƙe kamar mai jin kunyar surukai. Ya gwada kiwo, ya gwada tireda, babu wadda ta karɓe shi. Mutum ne mai son a ce ya iya wani abu, kuma har furfura ta fito masa garin nan bai ce ba. Abin ya dame shi fiye da yadda yake nunawa.

Sai ɗansa da ke aiki a Jidda ya aiko masa da waya. A cikinta ya gano wata kartar Turawa da ake kira foka. Kafin malamai su taso mini, ba ta kuɗi yake yi ba, maki ne kawai. Wasan rabinsa ruɗu ne: kowa ya ɓoye katinsa, mai mugun kati ya cika baki har sauran su tsorata su ajiye nasu, mai kyakkyawa kuma ya yi laƙwas don a biyo shi a faɗa rami. Idirisu ya kulle kansa a ɗaki yana kayar da mutanen da bai taɓa gani ba. Da gaske yake kayar da su, na gani da idona. Ya fara fitowa majalisa yana gyara rawani, yana ba mu labarin yadda ya sa wani Balaraben Dubai ya kashe wayarsa don haushi.

Alhaji Tukur mai injin niƙa, wanda tun muna samari ba a cin sa a karta, shi ya gaji da labarin. Ya ce, "Ya zol, kai mutumina, mu ba mu ga Balarabe ba. Kawo ta bisa tabarma mu gani."

Idirisu da kansa ya koya mana wasan, a gindin dalbejiya bayan la'asar. Gyaɗa muke zubawa a tsakiya. Dokar majalisarmu kuwa tsohuwa ce: wanda tasa ta fara ƙarewa shi zai tashi ya soya gahawa, ya daka ta da citta, ya dafa mana jabana, wato gahawar butar ƙasa. A ranar farko malaminmu ya tashi ya dafa. Washegari ma haka. Har aka cire auduga aka shuka alkama, shi ne dai a bakin murhu.

Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Idirisu mutum ne da bakinsa bai rabuwa da ambaton Allah. In ya ɗaga kati ya ga alheri, sai ka ji "Alhamdulillahi" ta fito can ƙasa-ƙasa. In ya ga tsiya, sai "Inna lillahi". In abin tsaka-tsaki ne, "Allah mai iko". A ɗaki babu mai jin sa sai bango, shi ya sa mutanen Dubai suka sha wuya. A tabarma kuwa kunnuwa ne kewaye da shi. Da ya yi hamdala sai kowa ya ajiye katinsa ya shiga kallon sama, shi kuma ya kwashi gyaɗar da ba ta cika tafin hannu ba. Da ya yi salati sai mu yi masa ca.

Shi bai san yana yi ba. Ya zargi tabarau ɗinsa, ya cire. Ya koma zama da bango a bayansa. Ya naɗe fuskarsa da rawani sai idanu, amma hamdalar ta riƙa fitowa ta cikin rawanin. Ya same ni a bakin gona ya ce, "Taubashi, wanga Tukur asiri shika yi min, wallahi." Na ce lallai a bincika. Matarsa Hawwa ce ta warware masa, da ta gaji da warin hayaƙi a jallabiyarsa. Ta ce, "Malam, ni da nike wurin tuwo ina sanin katinka, balle waɗanda ad da kai bisa tabarma guda."

Ranar da ya dawo da niyyar yin shiru, ba zan manta ta ba. Ya cusa dabino a baki, ya zauna kamar gunki. Aka raba kati, ya duba, sai gumi. Kumatunsa suka kumbura. Tukur ya tura gyaɗarsa tsakiya yana dubansa. Saura kaɗan Idirisu ya cinye gyaɗar majalisar kaf, sai ya tofar da dabinon ya ce "Alhamdulillahi!" da ƙarfin da jakin maƙwabci ya zabura. Tukur ya janye hannunsa a hankali. Muka yi dariya har da hawaye. Idirisu ya dube mu ya ce, "Allah shi ba ni wanga kati, in yi shiru awa ɓarawo? Kalas, shi ke nan, ku miƙo min turmin gahawar." Daga ranar bai sake ƙoƙarin gyarawa ba, bai kuma koma kartar waya a ɗaki ba, ko da yake can ne ake tsoronsa.

Yanzu in na wuce gindin dalbejiyar nan, jikokinmu ne a zaune, gwiwa na gugar gwiwa, kowa da wayarsa, suna karta da junansu ba mai ɗaga kai. In sun yi magana ma da Larabci ne. Nakan tambayi kaina me Idirisu zai ce. Ina jin zai ba su shawara su zauna a cikin wayar, don a waje akwai irin su Tukur. Sannan zai nemi wuri ya kutsa tsakiyarsu ya dame su da surutu har sai wani ya ajiye tasa.

Da ciwo ya kama shi aka kai shi asibitin Sinnar, ya dawo da takardun likita. Muka tafi dubiya, ni da Tukur da sauran 'yan majalisa. Tukur ya ce, "To, mi likita yac ce?" Idirisu ya dubi takardun a ɓoye kamar yadda yake duban kati, ya ɗago ya ce, "Alhamdulillahi." Muka dubi juna, hankalinmu ya kwanta. Wa ya fi mu sanin ma'anar wannan a bakinsa? Muka tsokane shi, muka tashi da wuri don ana ba gonaki ruwa. Ba mu ko tsaya sallama mai tsawo ba. Juma'ar da ta biyo baya muka sallace shi. Hawwa ta ce tun a Sinnar aka gaya masa komai.

Bai bar gona mai albarka ba, bai bar sunan gwani ba. Abin da ya bari shi ne majalisar tsofaffi da har yau suke gardama a kansa. Tukur ya ce ruɗu ne, kuma bai taɓa ganin wanda ya kai shi ba. Ni na ce taubashina bai iya ƙarya ba, abin da aka raba masa ya duba ya gode. Ko wanne ne, Idirisu ya ci mu sau ɗaya, dukanmu, kuma bai tsaya mun yaba masa ba. Allah Ya jiƙansa.