Yadda Mahaifiyata Ta Yi Tattalin Ƙarfen Ƙugunta

Shekarun baya mahaifiyata ta zame a bakin rijiya a garinmu kusa da Dakoro, ƙugunta ya karye. Aka kai ta Yamai aka sa mata gaɓa ta ƙarfe da roba. Da za a sallame mu, lokotoro ya ce robar takan ci a hankali da yawan tafiya, mu riƙa zuwa ana dubawa.

Wannan maganar kaɗai ta riƙe. Burinta ta yi ɗawafi da ƙafarta, sai ta ɗauki gaɓar kamar takalmin Salla da ake riƙewa a hannu don kar ya lalace. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa kasuwa. In maƙwabciya ta kira ta, sai ta ce, "Ki zo ke, taki ƙahwar ta Allah ce, tawa ta Makka ce." Ni kuma da nake ganin kaina mai ilimi, har yaba mata hikima nake yi.

Shekarar da Allah ya kira ta aikin Hajji, sai ga shi ko zagaya tsakar gida ba ta iyawa. Hankalinmu ya tashi, muka ce robar ta ƙare. Muka tafi Maradi.

Lokotoron asibitin can ya ɗauki sabon hoton ƙashi, ya jera shi da tsohon a kan haske, na'ura ta auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen da mazauninsa. Ya nuna mini abin da ya ci. Bai kai kaurin wasalin da nake ja da alƙalami ba.

Ya ce, "Inna, ƙarfenki sabo hul. Naman ƙahwar ne ya mutu da zama. Wa ya hana ki tahiya?"

Ta nuna ni da baki. "Ga malamin nan."

Daga ranar, kullum bayan Asuba sai in riƙe hannunta mu fita, tana tafe tana mita. Da fari iyakarmu bakin zaure, daga baya har gona.

Yanzu ta rasu, Allah ya jiƙanta. Har yau in na ga ina ɓoye wata ni'ima don tsoron kar ta ƙare, ita nake tunawa. Lokacin da ta dawo daga Makka tare da ƙanwata da ta raka ta, na tambaye ta ko an tura ta a keke wurin ɗawafi. Ta harare ni ta ce, "Keke? Ni na riƙa jan ƙanwarka."