Na Taɓa Tattabarar, Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da hantsi, ina cikin wanke-wanke maigidana ya shigo, ya karɓe kwanon da ke hannuna, ya ce in zauna. Allah ya karɓi abinsa, Yaya, bayan jinyar kwana huɗu kacal.

Kai ka fara saya mini littattafan labarai, kana ɓoye su a bayan kwamfutarka don kada Mama ta ce su ke hana ni aiki. Jama'a sun san ka da gina wa shaguna shafukan intanet. Ni kuwa da kujerar nan mai karyayyen hannu na san ka, da kofin shayin da kullum sai ya huce kake tunawa da shi.

Bayan aurena na faɗa maka na fara rubuta nawa labarin. Ka yi mini ɗan shafi ni kaɗai, da maballi guda a ƙasa: "Aika". In na danna, labarin zai zo maka. Na ce da na ga kalmar nan sai in kasa dannawa. Ka yi dariya har da tari, ka sa hoton farar tattabara a saman shafin, ka rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni ka haɗa ta da maballin.

"To, Sarauniyar Mafarki, ƙyale maballin. Shafa tsuntsuwar nan kawai, ita za ta danna miki shi."

Sai na koma jin tsoron tattabarar. Wata bakwai, duk haɗuwarmu sai ka ce, "Tsuntsuwata fa shiru, ko kin yanka ta ne?" In ce saura ƙarshe. Sau biyar na sauya ƙarshen nan. A littattafan da na saba karantawa ana jiran mutum ya gama shiri, na ɗauka ni ma za a jira ni.

Jiya na buɗe shafin, ban gyara komai ba. Na taɓa ta, na ga maballin ya lotsa da kansa, sai rubutun da ka tanada ya fito: "Ya iso, ƙanwata. Zan karanta." Aikinka bai saɓa ba, Yaya. Ni ce na makara.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Mama, Allah ya ba ki haƙuri. Ke kuma Anti, matar Yaya, Allah ya dafa miki, ya raya abin da ya bari. Ranar da kika iya buɗe kwamfutarsa za ki tarar da saƙona. Don Allah ki karanta a madadinsa.

Allah ya sa Aljanna ce makomarka, amin.