Ƙaton da za a tura a keken ɗawafi

A kan kujera ɗan yayata Mansur ya yi sallah jiya a falona na unguwar Ruwais a Jidda. Shekara tara yana buga ƙwallon Amurka, waccan ta hular kwano, yanzu gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Na ce, "Ƙwallo nawa ka ci?"

Ya ce, "Inna, ni ɗan baya ne. Aikina in kayar da wanda ya ɗauko ta."

Na ce, "To ga shi sujada ta gagare ka."

Yau zai yi Umra. Ɗana Faisal, da ke nacin in bar shi ya bi sahunsa, shi zai tura keken. Zagaye bakwai ya ishe shi tunani.

Iyaye mata, wannan sana'a ce?