Ɗan da Ebiere Ta Ɓoye wa Okuru

A garin Tubo, da cibiyar jariri ta faɗi sai a goya shi a hau dutsen bakin teku a nuna wa okuru. Su okuru kai da fikafikai na gaggafa ne, daga ƙirji zuwa wutsiya kuwa damisa sak, ga ƙarnin kifi da ba ya barin jikinsu. Su shinshina yaron, su ji kukansa, shi ke nan sun riƙe shi har abada. Duk ranar da jirginsa ya kife, su za su tsamo shi su kawo gaɓa, da rai ko babu. Wanda ba a nuna musu ba kuwa, ko a gabansu yake nutsewa, kallon gungume suke yi masa.

Ebiere mai bandar kifi ce, kamar uwarta. Mace ce mai taurin kai, idan ta ce a'a ko garin zai taru ba ta sauyawa. Tana da tsohon ciki aka dire mata gawar mijinta Preye a kan yashi, kafaɗunsa duk sawun farata. Mata suna ta cewa ta gode, ai an kawo shi. Ita kam ba ta ga abin godiya ba.

Ta haifi namiji, aka sa masa Tonbara. Cibiya ta faɗi, ba ta hau dutse ba. Sai Baba Owei, tsohon da ke kai wa okuru kawunan kifi, ya sauko ya same ta a bakin murhu.

"'Yar nan, ƙafa ce ke ciwo? Kawo shi in kai miki."

"Ƙafata lafiya lau, Baba. Ba za shi ba ne."

"Kin san dai da ya yi haƙori ba sa karɓa. Kuma babu jirgin da zai ɗauki wanda ba su sani ba."

"Abin da nake so ke nan. Na ba teku ɗaya, ya isa."

Tsohon ya dube ta. Ya ce, "Kin taɓa ganin ɗan Tubo da ya tsufa a tudu?" Ta ci gaba da juya kifinta kamar ba da ita yake ba.

To, dabarar ta ci, a farko. Tonbara ya tashi cikin hayaƙi, yana faskare yana fere rogo, sa'o'insa suna koyon jefa taru. Suka laƙaba masa Gungume. In ya wuce sai ka ji, "Gungume, zo mu gwada ko kana yawo a kan ruwa." Da ya isa aure, 'yan mata suka ce su ba sa auren abokin kishin murhu. Yaro mai fara'a ya koma shiru-shiru, abin tausayi.

Ya roƙi masu jirage ɗaya bayan ɗaya, har da ƙanin ubansa. Kowa ya ce ya yi haƙuri, ba zai iya dawowa ya kalli idon uwarsa ba. Sai kawai ya sare bishiya ya sassaƙa ɗan kwalekwale na mutum ɗaya.

"Kashe ni za ka yi?" in ji Ebiere.

"Inna, ke kika fara. Kin binne ni a tudu ina numfashi."

"Don ka rayu na yi."

"Na sani. Ga rayuwar nan kina gani."

Da fari a bakin gaɓa yake yawo, daga baya ya riƙa nisa. Kuma ya iya, wannan shi ne abin haushin. Yakan dawo da manyan kifaye, ta yi musu miyar manja tana zaginsa, su ci tare. Waɗannan shekarun ne kaɗai aka ji Tonbara yana waƙa.

Wata safiya iska ta taso babu sallama. Okuru suka zubo daga dutse, suka yi ta jigilar mutane, wannan yana tari, wancan ya suma. Kwalekwalen Tonbara bai ma yi nisa ba ya kife, daga gaɓa ana hango hannunsa. Wani okuru ya bi ta kansa, har iskar fikafikansa ta taɓa ruwan, ya wuce ya ɗauko wani can gaba. Ebiere tana tsaye tana kallo.

Ta hau dutsen da rigarsa a hannu, ta riƙa tura musu ita a hanci. Suka kau da kai. Baba Owei ya ce, "Ba sa koyo daga tsumma, 'yar nan." Teku kuma bai mayar da shi ba. A Tubo wanda ba a binne ba sunansa ma ba a kira, don haka aka daina ambaton Tonbara.

Ta yi ta zama a gaɓa har gashinta ya yi fari. Ran nan da hantsi ta kwance jirgin maƙwabta, ita da ba ta taɓa riƙe filafili ba, ta nufi daidai wurin da ɗanta ya nutse. Da igiyar ruwa ta kifar da ita ba ta ko motsa hannu ba. Ta ce in ba za a kawo mata shi ba, ita ta je.

Sai ji ta yi farata sun shige kafaɗunta. Aka dire ta a yashi tana aman ruwan gishiri, mata suka kewaye ta suna barka. Ta rarrafa tana dukan ƙirjin okurun tana cewa ya mayar da ita. Shi kuwa ya girgije jikinsa ya tsaya jiran kawunan kifinsa.

Da raunin ya warke ta sake hawa dutsen. Baba Owei yanzu ko gani ba ya yi sosai, da murya ya gane ta.

"Baba, babu yadda ake yi su manta da mutum?"

"Babu, 'yar nan. Uwarki da kanta ta hawo da ke."