Ranar da Hajiya ta yi wa sauron Umma turare

Ummana kiwon sauro take yi. Na daɗe ina ɓoye wannan magana a makaranta. In an tambaye ni aikinta sai in ce malama ce a jami'a, in yi maza in sako hirar ƙwallo. Iyayen wasu kaji suke kiwo, wasu awaki. Tawa kuwa ta yi karatu har ta zama Dakta, don kawai ta dawo Keffi ta riƙa buga waya da sassafe tana tambaya ko sauro ya kwana lafiya.

Abin da take bincike a kai shi ne ko maganin da ake sa wa gidan sauro yana kashe su har yanzu, ko sun saba da shi. Da damina takan bi kududdufan hanyar Gitata da Panda da ludayi a hannu, ta ɗebo 'ya'yansu, ta rene su a keji na raga. Ruwan sukari ake ba su a auduga. Ni kuwa in na ƙara cokali ɗaya a shayi, sai an yi mini wa'azin da ya fi huɗubar Juma'a tsawo.

Ta yi shekaru tana neman tallafin bincike ana ba ta haƙuri. Daga ƙarshe wata gidauniya ta ba ta ɗan somin taɓi, ta sayi keji da madubin duba ƙwari da fanka. Suka ce za su turo mutum biyu su ga aikin da idonsu. In sun gamsu, za a gina mata ɗakin bincike na gaske, a sa sola, a horar da ɗalibai. In ba su gamsu ba, shi ke nan. A lokacin, tsohon sito ɗaya aka ba ta. Nan ne ofis, nan ne wurin kiwon sauron, nan ɗalibai suke zama. In ka yi atishawa a ciki sai mutum uku sun matsa.

Labarin baƙin ya kai kunnen Hajiya, mahaifiyar Umma, can cikin gari. A wurin Hajiya baƙo ba abin wasa ba ne. Ko mai gyaran famfo ne zai shigo gidanta, sai an share, an shimfiɗa darduma, an turara ɗaki. Ranar zuwansu da safe ta aiko aka kira ni.

"Maigidan, zo ka yi amfani yau ɗaya a rayuwarka. Ɗauki kular nan."

Waina ce cike, da miyar taushe. Ita kuma ta rungumi wata jaka da ta ƙi ba ni. Muka hau Keke sai jami'a.

Umma tana ofishin shugaban sashe tana jiran baƙin, cunkoson motoci ya riƙe su a hanyar Abuja. Wani ɗalibinta ne a bakin ƙofar siton, dogo, mai ladabi har ya yi yawa. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Mama, Dakta ta ce kar kowa ya shiga."

"Wa ya haifi Daktar?"

Ya sosa ƙeya. Ta miƙa masa kuɗi ta ce ya je bakin get ya sayo ruwan gora mai sanyi. Ya tafi yana waiwaye.

Muna shiga Hajiya ta toshe hanci. Gaskiya ɗakin yana warin ruwan da ya kwana a bokiti. Ta buɗe jakar. Kasko ne, da gawayi, da kwalbar turaren wuta irin wanda take ɓoye wa biki. Sannan idonta ya kai kan kejin. Ta yi salati har sau biyu.

"A nan za a sauki mutane? Su zo da alheri su koma da zazzaɓi?"

Sai ta zaro koren maganin sauro mai naɗi, irin na kunnawa.

Na ce, "Hajiya, kiwonsu fa ake yi! Su aka zo gani!"

"Kai ma kiwonka ake yi, wa ya taɓa zuwa ganinka? Rufe taga."

Na ƙi rufewa, ta rufe da kanta. Na fita da gudu neman Umma, gudun da da a filin wasa na yi shi da yanzu ina Turai. Na tarar baƙin sun iso, ana ta gaisawa. Na yi ta yi wa Umma alama da ido, da hanci, da kafaɗa. Ta harare ni irin hararar da ke nufin za mu haɗu a gida.

Haka muka taho gaba ɗaya. Da Umma ta tura ƙofa, hayaƙi ya tarbe mu. Ɗakin ya yi ƙamshi, wannan ba musu. Hajiya tana zaune a kujerar Umma tana fifita kasko da wata takarda. A ƙasan kusan kowane keji sauro ne kwance baƙi ƙirin, ƙafafu a sama. Aikin damina guda.

Ban taɓa ganin fuskar Umma haka ba. Ba yadda za ta yi wa uwarta faɗa, balle a gaban baƙi. Sai ta ɗan rusuna ta ce, "Hajiya, sannu da aiki." A nan dariyar da nake dannewa ta ɓace.

Ta juya ta gaya wa baƙin gaskiyar abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Babbar cikinsu, wata farfesa mai furfura, ta bi kejin ɗaya bayan ɗaya tana tari. A na can lungu ta tsaya, ta ƙwanƙwasa ragar da yatsa. Sauro suka tashi, garau, kamar an yi musu kiɗa.

"Waɗannan fa?"

Umma ta matso da sauri. Ta ce ai su ne ta daɗe tana zargin magani ya daina yi musu komai. Nan suka dulmiya cikin Turancin da rabinsa ban gane ba. Farfesar ta ce wannan ba gwajin da za a rubuta ba ne, amma dole a sake shi yadda ya kamata. Na biyun ya tambaya me ya sa ake tarbar baƙi a ɗakin da sauro suke.

Umma ta ce, "Ba mu da wani ɗakin."

Ya dubi rufin da ke yoyo, ya dubi kaskon, ya daɗe yana rubutu.

Hajiya ba ta jin Turanci. Ta ja rigata ta ce, "Me suke cewa? Ƙamshin ya yi musu?"

Na ce, "Ya kashe su, Hajiya."

"To zuba musu waina."

A gindin mangwaro suka ci. Farfesar ta nemi ƙari.

Umma ba ta yi dariya a gida ba har ranar da saƙo ya zo cewa an amince. Yanzu akwai ginin, da sola a kansa, da ɗakin sauro mai ƙofa biyu da kwaɗo. Hajiya ta karaɗe cikin gari tana cewa ita ta samo wa 'yarta tallafi, don da baƙin sun tarar da wancan warin da ko zama ba za su yi ba.

Ranar buɗe ginin, Umma ta tsayar da ni a ƙofa ta ce kada jakar Hajiya ta wuce ban duba ba. Na duba. Kaskon na ciki.

"Hajiya, wannan ba zai shiga ba."

"Ofis kaɗai zan turara."

"Da wancan koren abin da ke ƙasan gawayi?"

Ta fizge jakarta ta ce, "Wannan na waɗanda suka tsira ne. Ba mu gama da su ba."