Bangon Wuta a Ranar Suna

A shekarar da iska ta kwashe rufin ajinmu na karatun manya a unguwar Sakasaka, muka koma gindin mangwaro, a shekarar ce babbar 'yata take shirin jarrabawar tsaron intanet. Don ta gwada hannunta, ta samo wani tsohon akwati mai fitilu ta haɗa shi da intanet ɗin gidanmu. Ta ce sunansa fayawol, wato bangon wuta, aikinsa tare saƙon da ba a yarda da shi ba.

Aka haifa mana jika a Kumasi, ba mu samu zuwa suna ba. Ɗanmu ya ce zai kira ta bidiyo, uwarsa ta ji sunan daga bakin liman, don abin da ta nace a kai ke nan. A lungunmu waya ba ta jan bidiyo sai da intanet ɗin gida. Matata ta sha ɗauri, ta dama koko, ta soya ƙosai, maƙwabta suka cika tsakar gida. Kira ya ƙi shiga.

'Yata ta ce, "Mama, saƙonmu yana fita, amsar ce ba ta san hanyar dawowa ba."

Uwarta ta ce, "Wace irin amsa ce ba ta san gidansu ba?"

'Yata ta zaunar da ni gaban kwamfuta in karanta mata lambobi, ita tana bugawa a wata. Lambobi kam na iya su. Ɗigon da ke tsakaninsu ne na zaci datti ne, na sa hannun riga ina gogewa.

"Baba, ɗigon ma karantawa ake."

Na sake daga farko, a hankali, kamar a aji. Can ta buga cinya. An nuna wa amsar ƙofar da babu ita. Ta gyara, sai ga fuskar ɗanmu, ga liman yana gyara zama.

Daidai nan wan matata ya iso daga unguwar Gumani a babur. Ya tambayi abin da ya tara mutane tsaye. Wata maƙwabciya ta ce wuta ce ta tare hanya tun safe. Sai ya wuce wajen mitar wutar lantarki, ya ja makunni.

Fanka ta tsaya, fitilun akwati suka mutu.

Ya dawo yana kakkaɓe hannu. "Na kashe muku ita. Da maza a gidan nan, amma kowa ya zauna!"

"Kawu, ban adana gyaran ba!"

Da aka maido wuta, akwatin ya manta komai. Na sake karanta lambobin, har da ɗigo. Kafin kira ya shiga, an shafa fatiha, ana ta jan rago.

Abin da muka rasa ranar: suna daga bakin liman, gyara ɗaya, tukunyar koko da ta kama, da kason ƙosan kawu, don matata ta hana shi.